Tambaya da Amsa: Daga ina ruwan da ke jiƙa gishiri da taki a shago yake fitowa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina da shago a wata kasuwar ƙauye a jihar Katsina, inda nake sayar da gishiri da takin zamani da siminti da sodar haɗa sabulu. Kowace shekara idan damina ta kankama sai in tarar gishiri ya jiƙe, takin yuriya ya dunƙule kamar dutse, soda kuwa idan aka bar bakin buhunta a buɗe kwana ɗaya sai ta fara komawa ruwa. Na sa an duba rufin shagon, ba ya yoyo, ruwa kuma ba ya shigowa ta ƙofa. Wasu abokan sana'a sun ce tun daga kamfani ake yayyafa wa kayan ruwa domin su ƙara nauyi. Shin haka ne? Sannan ɗan ƙullin nan mai fararen tsakuwoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi da kwalbar magani, an ce mini maganin danshi ne. Idan na tara su da yawa na ajiye a shago, za su raba ni da wannan matsala?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ruwan da kake gani a jikin kayanka bai fito daga kamfani ba, bai kuma zubo daga rufi ba. Daga iskar da ke cikin shagon ya fito, kuma kayan ne da kansu suka jawo shi. Takin yuriya yana barin masana'anta da ruwan da bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, kuma da a can aka yayyafa masa ruwa, kafin mota ta sauke shi a kasuwa ya riga ya zama dunƙule guda wanda babu mai saye. Idan kana so ka gani da idonka, ka soya ɗan gishiri a busasshen kasko har ya bushe ƙarau, ka raba shi biyu, rabi ka zuba a kwalba ka toshe bakinta da kyau, rabi ka bar shi a faranti a buɗe ya kwana biyu a shagon cikin watan Agusta. Na kwalba zai zauna yadda ka zuba shi, na faranti kuwa zai yi laima, alhali daga buhu ɗaya ka ɗebo su.

Iska ba ta rabuwa da ruwa, sai dai tana ɗauke da shi ne a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya ɗauka ya danganta da zafinta. Iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30 idan zafi ya kai digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, amma a digiri 20 abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. Idan ka ji masu hasashen yanayi sun ce danshin iska kashi 80 ne cikin 100, nufinsu shi ne iskar ta ɗauki kashi 80 na iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. A ƙasar Katsina da Kano da Damagaram, wannan ma'auni yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana a lokacin hunturu, sannan ya haura kashi 80 a lokacin marka. Da dare kuma, idan gari ya yi sanyi, iyakar abin da iska ke iya riƙewa tana raguwa alhali ruwan da ke cikinta yana nan, sai ma'aunin ya hau. Shi ya sa da safe ne ka fi tarar da kayan a jiƙe.

Dalilin da ya sa wasu abubuwa ke jawo wannan tururi yana cikin ƙirar ruwan kansa. Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi zarra ɗaya ta oksijin da biyu na haidirojin, kuma cajin lantarkin da ke jikinta bai rabu daidai ba, gefe ɗaya ya saɓa wa ɗayan, kamar mayen ƙarfe mai kai biyu. Gishiri kuwa an gina shi ne da ƙwayoyin sodiyam da na kulorin masu caji, saboda haka duk ƙwayar ruwan da ta gifta kusa da shi sai ta maƙale. Sukari da zuma da gilisarin da audugar tufafi da katako ba su da irin cajin gishiri, amma suna da wuraren da ruwa ke kamawa a jikinsu. Masana kimiyyar sinadarai suna kiran duk abin da ke da wannan hali haigiroskofik, daga kalmar Girkanci mai ma'anar jiƙa. Har gashin kan mutum yana cikinsu, domin yana ƙara tsawo kaɗan idan iska ta yi danshi, kuma da silin gashi ne masanin nan na Janeba, Horace-Bénédict de Saussure, ya ƙera ma'aunin danshi a shekarar 1783. Ƙofar katako da ke cijewa da damina, ta saki da rani, wannan halin ne take nunawa.

Abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan shi ne, kowane sinadari mai narkewa a ruwa yana da iyakarsa ta danshi. Muddin danshin iska bai kai wannan iyaka ba, zai zauna a bushe ko da an bar shi a buɗe. Da zarar an haura ta, sai ya shiga zuƙar ruwa ba tsayawa, ruwan ya narkar da fatar ƙwayarsa, ruwan gishirin da ya samu ya ƙara jawo wani, har abin ya narke cikin ruwan da ya jawo wa kansa. Iyakar tataccen gishirin miya tana wajen kashi 75 cikin 100. Ta yuriya tana wajen kashi 72 zuwa 73 a zafin digiri 30. Ta sukari ta fi su nisa, wajen kashi 85, shi ya sa ya fi gishiri jure wa damina. Ta amoniyam naitiret, wanda wani nau'in takin zamani ne, tana wajen 59, ta maganiziyam kuloraid wajen 33, ta kalsiyam kuloraid wajen 30 (waɗannan biyun sinadarai ne dangin gishiri), sodar sabulu kuwa tata ba ta kai kashi 10 ba. Idan ka ɗora waɗannan lambobi a kan yanayin garinku, za ka ga amsar tambayarka ta fito fili: gishiri da yuriya ba sa damunka da rani domin iska ba ta kai iyakarsu ba, sai damina ta haura da ita, soda kuwa ko a tsakiyar hunturu iskar da ke shagonka ta ishe ta narkewa, bambancin kawai shi ne da damina abin ya fi sauri.

Akwai dalilin da ya sa wani gishirin ya fi wani saurin jiƙa. Gishirin da aka samo daga ruwan teku ko daga ƙasa ba tare da an tace shi sosai ba, yakan zo da ɗan maganiziyam kuloraid da kalsiyam kuloraid a jikinsa, kuma ka ga iyakarsu ba ta kai rabin tasa ba, don haka su ne ke fara jawo ruwan tun gishirin kansa bai fara ba. Tataccen gishirin leda kuwa, ban da tacewa, ana sa masa ɗan sinadarin hana dunƙulewa, dabarar da kamfanin Morton na Amurka ya fara a shekarar 1911 ta hanyar ƙara wa gishirinsa maganiziyam kabonet. Dunƙulewar kanta ba jiƙa kaɗai ke kawo ta ba, jiƙa da bushewa ne a jere. Da dare fatar ƙwayoyin ta narke kaɗan, da rana zafin kwano ya busar da ita, sai narkakken gishirin ya sake daskarewa a inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya, ya ɗinke su. Idan haka ta yi ta maimaituwa har tsawon makonni, ga kuma nauyin buhunan da ke sama yana danne na ƙasa, sai a wayi gari buhun ƙasa ya zama dutse. Abin da ke faruwa da dunƙulen magi da madarar gari da alewa ke nan idan aka bar su a buɗe.

A wajen taki akwai wani abu da masu sayarwa da manoma ba su cika lura da shi ba, kuma yana jawo asara mai yawa: idan aka gauraya sinadarai biyu, iyakar danshin gaurayen takan faɗo ƙasa da ta kowannensu. Misalin da ya fi tsanani shi ne yuriya da amoniyam naitiret, wanda ɗaya iyakarsa ta haura 70, ɗaya tana kusa da 60, amma idan suka haɗu sai ta faɗo wajen kashi 18, wato gaurayen zai jiƙe kusan a kowane irin yanayi. Saboda haka idan manomi ya nemi ka haɗa masa yuriya da wani takin a buhu ɗaya, ka gaya masa a ranar da zai zuba a gona ya kamata a haɗa, ba a haɗa a ajiye ba. Yuriyar da ta dunƙule kawai ba ta rasa ƙarfinta ba, naitirojin ɗinta mai kashi 46 cikin 100 yana nan, ana iya farfasa ta a yi amfani da ita, sai dai ba za ta watsu daidai a gona ba. Wadda ta narke har ta tsiyaye daga gindin buhu ita ce asara ta gaske, domin abin da ya tsiyaye ɗin shi ne abincin shukar.

Soda ce na fi jin tsoro a cikin kayanka, kuma ina roƙonka ka ba ta kulawa ta daban. Sunanta a kimiyyance sodiyam haidiroksaid. Tana zuƙar ruwa da ƙarfi, tana fitar da zafi yayin da take narkewa, ruwan da ke tsiyayowa daga buhunta kuwa yana cin fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa, ga shi fari tas kamar ruwan sha a idon yaro. Idan ta taɓa jiki ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a nufi asibiti. Idan yaro ya haɗiya kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Ban da ruwa, tana kuma zuƙar iskar kabon dayoksaid, wadda ke mayar da ita wani sinadari mai rauni. Wannan ya shafi matan da ke saye a wurinka kai tsaye: idan mace ta auna kilo ɗaya na sodar da ta sha iska, wani ɓangare na nauyin ruwa ne, wani kuma ya riga ya lalace, sai sabulunta ya ƙi daskarewa ko ya fito da maiƙo, ta ɗauka man da ta yi amfani da shi ne ba shi da kyau. Ka riƙa juye soda a robar da ke da murfi mai kamawa, kada ka sa ta a tukunyar alminiyam ko kwanon da aka shafa wa tutiya domin tana cin su, kuma ka ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa.

Siminti shi ma daga iska yake samun ruwan da ke ɓata shi, amma hanyarsa daban ce. Gishirin da ya jiƙe idan ka shanya shi zai koma gishiri, domin ruwan bai sauya shi ba. Siminti kuwa haɗuwa yake yi da ruwan su zama wani sabon abu, wato aikin da ya kamata ya yi a jikin gini sai ya fara yin sa a cikin buhu, kuma babu rana ko wutar murhu da za ta mayar da shi yadda yake. Ƙullutun da ya murmushe tsakanin yatsu bai yi nisa ba. Wanda sai an sa guduma kuwa ya riga ya mutu, ko an daka shi an tankaɗe ba zai riƙe gini ba, kuma a ganina bai halatta a sayar wa mai zuba ginshiƙi ko dakali na sama irin wannan ba, domin rayukan mutane ne za su zauna a ƙarƙashinsa. Ko bai dunƙule ba, simintin da ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa.

Sai batun ɗan ƙullin da ka tambaya. Abin da ke cikinsa ana kiransa silika jel, kuma asalinsa ɗaya da yashi, sai dai an sarrafa shi yadda kowace tsakuwa ta cika da ramuka ƙanana ainun. Walter Patrick, malami a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, shi ya samu rajistar hanyar ƙera shi a shekarar 1919, an kuma yi amfani da shi a takunkumin kariya daga iskar guba a yaƙin duniya na ɗaya. Da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya kacal, faɗinsu zai kai murabba'in mita 700 zuwa 800, kuma a jikin wannan bango ƙwayoyin ruwa ke maƙalewa. Ba ya narkewa, ba ya jiƙa a hannu, yana kuma iya riƙe ruwan da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. To amma mu yi lissafi. Shago mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 3, a ranar damina mai zafin digiri 30 da danshi kashi 80, iskar cikinsa tana ɗauke da ruwa kimanin giram 650, fiye da rabin lita. Ƙulli mai giram 5 ba zai ɗauki fiye da giram 2 ba. Ko ka tara ɗari uku, da zarar ka buɗe ƙofa sabuwar iska ta shigo da wani ruwan, kuma waɗanda ka tsinta daga kwalayen takalma galibi sun riga sun ƙoshi. Silika jel yana aiki ne kawai a rufaffen wuri ƙarami, kamar kwalba ko gwangwani ko ledar da aka liƙe, don haka ba shi ne maganin shago ba.

Wannan ba ya nufin a raina shi a inda ya dace. Kada a fitar da shi daga kwalbar magani ko gwangwanin tsinken gwajin sukari, domin danshi yana lalata su tun wa'adinsu bai cika ba. Ƙwayar asfirin da ta sha laima har warin tsami take yi, alamar ta fara rushewa. Silika jel ɗin da ya ƙoshi da ruwa ana iya farfaɗo da shi ta hanyar gasa tsakuwoyin a zafin digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu, sai ruwan ya fita. Akwai mai launi da ke nuna halin da yake ciki: shuɗi yana komawa ruwan hoda idan ya ƙoshi, saboda sinadarin kobalt da aka rina shi da shi, kuma irin wannan bai kamata ya kusanci abinci ba, mai ruwan lemo kuwa yakan koma kore. Farin ba guba ba ne, gargaɗin da ake bugawa a jikinsa na hana ci ya fi shafar tsoron shaƙewa ga ƙananan yara. Wasu ƙullin kuma ba silika ke cikinsu ba, ƙonanniyar farar ƙasa ce mai ƙuna idan ta haɗu da yawu, don haka duk ƙullin da aka gani a nisanta shi da yara.

Maganin shagonka yana ga hana iska kaiwa ga kayan. Buhun taki da na gishiri suna zuwa da leda a ciki, kuma wannan ledar ita ce garkuwar, ba saƙar waje ba, saboda haka a daina ɗaga buhu da ƙugiya, wanda aka buɗe kuma a murɗe bakin ledarsa a ɗaure tamau bayan kowane awo. A jera buhuna a kan katako, a ɗaga su daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, a bar rata tsakaninsu da bango, domin daɓen siminti da bangon ƙasa duk suna tsotso ruwa daga ƙasa da damina. Kada tsayin jerin siminti ya wuce buhu goma, a lulluɓe shi da tamfol ko leda mai kauri, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Ka buɗe taga da hantsi zuwa la'asar a ranar da gari ya yi rana, ka rufe da dare da lokacin da ake ruwa. Abin da za ka sayar a yini shi kaɗai za ka zuba a faranti, ragowar ya zauna a ɗaure. Ka kuma rage yawan sarin siminti da soda daga watan Yuli zuwa Satumba, ko da farashi ya yi daɗi, domin rangwamen da ka samu yana iya narkewa a gindin buhu.

Wannan hali na zuƙar danshi yana bayyana a wuraren da mutum bai zata ba. Man birkin mota irin wanda ake rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin robarsa yana shan ruwa daga iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ruwan cikinsa ya kusa kashi 4 cikin 100 yana iya tafasa tun a wajen 155, kuma man da ya tafasa a gangara shi ke sa direba ya taka birki ya ji ba komai, dalilin da ya sa ake canza shi duk shekara biyu ke nan. Zuma mai kyau ruwanta yana wajen kashi 17 zuwa 18, idan aka bar ta a buɗe da damina har ya haura 20 sai ta fara tsami. Gilisarin da ake shafawa da hunturu ruwa yake jawowa ya riƙe a fata, shi ya sa ake sirka shi da ruwa, a kuma bi shi da man kaɗanya don kada busasshiyar iska ta kwashe.

Tunda a ƙauye kake, ga wani amfani da za ka iya koya wa manoman da ke zuwa wurinka da kaka. Hatsi ma yana musayar ruwa da iska, kuma masarar da ruwan cikinta ya kai kashi 15 cikin 100 tana sa iskar da ke kewaye da ita ta kai danshi wajen kashi 75, wato daidai iyakar gishiri. Saboda haka a samu busasshiyar kwalba mai murfi, a zuba masara ko dawa zuwa sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka soya ya bushe ya kuma huce, a rufe a girgiza na minti ɗaya, a bar ta minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya maƙale a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi shanya, domin idan aka zuba shi a rumbu ko buhu a haka fumfuna za ta kama shi, har da irin wadda ke haifar da gubar afulatokzin mai lahani ga hanta. Idan gishirin ya zube ƙasa a warwatse, jikin kwalba ya fita tas, hatsin ya sauka ƙasa da kashi 15, kuma ƙarin shanyar yini ɗaya ko biyu zai kusantar da shi ga kashi 13 da ake so don doguwar ajiya. Wannan gwaji bai isa ga gyaɗa ba, domin ita sai ruwanta ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 kafin a ɗinke bakin buhu.